Kujerar Rabi a motar Maradi

"Sai a rage yara," in ji shugaban iyaye.

Muna taro a lise ɗinmu, wato lekol ɗin sakandare na Tasawa, ana tsara tafiyar 'yan wasan kwaikwayo zuwa Maradi, su kalli na wasu, su nuna nasu. Mota guda ce. Kafin a iso kan yara, an rubuta direkta, da shugaba, da matar shugaba, har da ƙanen direba mai zuwa sayen taya.

Aka soke sunan ɗiyata Rabi. Tun rasuwar babanta, a wasan nan kaɗai nake jin muryarta ta tashi.

Na ce, "Alhaji, Rabi ce tsohuwa mai dakan hatsi a wasan. In Hajiyarka za ta hau dandamali ta yi, gobe in kawo mata taɓarya."

Ya gyara hula. "Ai dama Hajiya mota na sa ta amai."

Aka maida sunan Rabi. Na fito ina dariya, sai a bakin ƙofa na tuna wanda zan fara ba labarin ba ya nan. Allah ya jiƙansa.

A lekol ɗinku, su wa ke cika motar yara?