Uzo Mai Agogo da Wasiƙun Malabo

A watan Yunin 1999, makonni kaɗan bayan sojoji sun miƙa mulki, wata wasiƙa ta iso shagon gyaran agogo na Uzochukwu da ke bakin titin Zariya, a Gyadi-Gyadi. Da Sifaniyanci aka rubuta ta, kuma sunan mahaifinsa, Ikemefuna, ne a bayan ambulan.

Shi Uzo, kamar yadda 'yan unguwa ke kiransa, ya zo Kano ne bayan yaƙin basasa, ya ji Hausa har yakan yi wa Kanawa gyara. Mahaifinsa kuwa ya shekara goma sha ɗaya yana aikin gonar koko a tsibirin Fernando Po da Sifen ta taɓa mulka, kafin a kwaso ma'aikatan Najeriya a 1976. A hannun ɗansa ya ƙarasa rayuwa, ya rasu a 1993, bai taɓa gaya wa kowa cewa ya bar 'ya a can ba.

Alhaji Haruna, wani dillalin fata a Tarauni da ya daɗe yana hulɗa da masu saye daga Sifen, shi ya warware wasiƙar. Sunan 'yar Milagrosa, ma'aikaciyar jinya ce a Malabo, babban birnin tsibirin, kuma tambayarta ɗaya ce: ko babanta yana nan lafiya?

A al'adar gidan su Uzo, ba a aika labarin mutuwa a takarda. Dattijo ake tasa, ya je ya zauna, ya sha ruwa, ya ɗauko zance daga nesa, sannan ya faɗa. Dattijon da zai je Malabo kuwa babu shi. Ko da ma an so a faɗa, Alhaji ya fito fili ya ce ba shi da kayan aiki.

"Ni Sifaniyancin ciniki na iya," in ji shi. "Fata tana da kyau, fata tana da tsada. Wa ka taɓa ji yana tambayar abin da fata ta yi jiya?"

Saboda haka aka rubuta mata cewa Baba yana gaishe ta. Daga nan marigayin ya ci gaba da rayuwa a takarda har shekara guda: yana jin rediyo, yana son tuwo miyar kuka, yana mitar zafin Kano.

"Baban Nkiru," in ji matarsa Ogechi, "surukina ya fi ƙoshin lafiya yanzu a kan lokacin da yake raye. A wasiƙa ta gaba ka yi masa aure mana."

Dariyar ta ƙare a watan Yulin 2000, lokacin da Milagrosa ta rubuto cewa ta nemi hutu, za ta zo a Disamba ta ga mahaifinta ido da ido.

An ba Uzo shawarar ya nemi wani fadan coci ya rubuta masa, ya ƙi. Tunda babu dattijo, shi ne babba, kuma da hannunsa zai faɗa. Ya je Sabon Gari ya samo wani tsohon littafin koyon Sifaniyanci marar bango, nan ya tarar mutanen nan jiya biyu gare su: ɗaya ta abin da ya faru ya wuce, ɗaya ta abin da aka saba yi. Wata uku yana kwance agogo yana rera "trabajó, trabajaba", wato ya yi aiki, yakan yi aiki, har wasu masu kawo gyara suka ɗauka coci ya sauya. Alhaji kan leƙo ya ce, "Malam Uzo, yau wace jiyar ake ciki?"

Wasiƙar da ya rubuta shafi tara ce, kuma tafiyar dattijo ya yi mata. Ya fara da gaisuwa, ya koma haihuwar tsohon, ya bi ta gonar koko da jirgin ruwan da ya dawo da su, da yadda yakan tashi daga kan abinci idan an ambaci tsibirin. Sai a layin ƙarshe ya sa kalmar da ya yi wata uku yana kewayewa, "murió", wato ya rasu.

Amsar layi biyu ce: "Ka shekara kana yi mini ƙarya. Ina nan tafe."

Ta iso a Disamba kamar yadda ta ce, ba ta ko kalli inda yake ba. Alhaji Haruna ne ya yanke hukuncin cewa baiwar Allah nan ba a yi mata ta'aziyya ba, don haka maƙwabta, Musulmi da Kirista, suka shimfiɗa tabarmi don mutumin da ya shekara bakwai a ƙasa. Kowa ya zo da abin da ya sani na marigayin, Uzo na tafinta yana sharce gumi. A ranar farko tana gyara masa kowane kuskure, fuska a murtuke. A rana ta biyu ta daina, domin sauraro ya ɗauke mata hankali. A ta uku ta tambaye shi awa nawa ne daga Kano zuwa ƙauyen da aka binne babansu, da kuma ko zai raka ta.

Maƙwabtansa sun tabbatar cewa tafiyar nan ce ta sa a karo na farko suka ga shagon a rufe ranar Litinin.