Sabulun da Na Liƙa a Murfin Tanki

Daga Birnin Kudu har Gwaram, ku tambayi duk wanda ya taɓa tuƙa akori-kura, ba a yi bakaniken da ya san ciwon man mota kamata ba. Mota na tafe tana tari daga nesa, ina kwance kan benci da hula a fuska, zan gaya muku inda man ya maƙale. Likita ake ce mini. Na sha faɗa a majalisa cewa ko jaki aka ɗaura wa kafireta, zan tayar da shi ya wuce tirela. Ana dariya, ina ƙari. To samari, ga abin da ban taɓa faɗa a majalisa ba: rabin marasa lafiyar nan ni na sa musu ciwon.

Da farko aikin gaskiya na koya. Maigidana ya ce in mota ta mutu alhali wuta na zuwa fulogi, a bi sawun mai kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Ka zare tiyon da ke shiga kafireta, a murza makulli, ka ga ko mai na tsartuwa. In bai zo ba, ka duba filta ko tsatsa ta cika ta. In tas take, ka koma kan famfo, wataƙila robar cikinsa ta tsage. In duk lafiya, sai ka sa baki ka zuƙi tiyo. Fetur ɗin da na haɗiya a haka, har matata ta hana ni hura mata wuta.

Wata rana wata akori-kura ta gagare ni tun safe har la'asar. Maigida ya zo, bai ko kalli inji ba, ya zagaya ya murɗe murfin tanki. Sai muka ji "fuuu", kamar an saki mai riƙe da numfashi. Ya nuna mini wata 'yar ƙofa a murfin, ba ta fi kan allura ba. Ta nan tanki ke shaƙar iska, in ta toshe famfo zai yi ta ja har ya gaji, mota ta mace a hanya. Laka ce ta toshe waccan. Wani da ilimi zai tafi gida ranar. Ni da sana'ar banza na tafi.

Dama na saba da ƙananan abubuwa, in wanke tsohuwar filta in ce sabuwa ce. Yanzu sai na koma bin kasuwanni da guntun sabulu a farce. In jingina da mota ina ba direba dariya, yatsana na cusa sabulun a 'yar ƙofar murfin tanki ta baya. In ya tashi, in bi shi nesa-nesa a babur. Can cikin daji in tarar da shi da bonet a buɗe. In warwatsa kafireta a kan tsumma, in hura, in zuƙa, in tofar, in girgiza kai. Sannan in ce ya shiga ya taka totur, ni kuwa in zagaya kamar zan kama ruwa, in tsokale sabulun da allura. Mota ta tashi, a biya ni, a haɗa da addu'a.

Cikin waɗanda na fi cuta akwai Malam Habu, direba daga Kwandiko. Akori-kurarsa ce motar unguwarsu. Ita ke kai hatsi kasuwa, ita ke kai mara lafiya asibiti. Duk lokacin da na tarar da shi a daji sai ya ce, "Likita, Allah ne ya jefo ka." Da kaka har damin gero ya aiko mini.

Ranar da abin ya faru, da damina ne. Na shafa masa sabulu a kasuwar Gwaram, sai na ga ya fita da gudu ba kaya, ya nufi gida. Na jira a mararraba ina cin gyaɗa. Da ya fito ya ɗauki hanyar Birnin Kudu, na bi shi ina fito da baki.

Na tarar da motar a mace kusa da wata gonar dawa. A bayanta an shimfiɗa wani manomi, Isa, a kan tabarma. Kububuwa ce ta sare shi tun jiya, an yi na gida bai yi ba, jini ya fara fita ta dasashinsa. Mahaifiyarsa na zaune a gefen bodi tana riƙe da kansa, gwiwar hannunta a daidai saman murfin tanki.

Habu ya rugo ya kama hannuna. "Likita! Alhamdu lillahi. Rai ne a motar nan."

Ku ji da kyau. Taku kaɗan ne tsakanina da murfin. Da na ce bari in duba tanki, babu mai hana ni. Amma sai na ga kamar kowa farcena yake kallo. Na tuna yadda ake yi wa ɓarawo a gefen titi. Sai na buɗe jakar sifana na fara wasan da na saba. Na zare tiyo. Na cire filta na ɗaga ta a rana, ina sane lafiyarta lau. Na kwance kan kafireta. Ina yi ina satar kallon tsohuwar ko za ta matsa, ita kuwa ina za ta je ta bar ɗanta?

Ta ce, "Ɗana, yi sauri don Allah. Hannunsa ya yi sanyi."

Na ce, "Inna, yanzun nan." Na ci gaba da hura abin da ba ya buƙatar huri.

Sai da Isa ya fara amai, hankali ya koma kansa, sannan na lallaɓa na murɗe murfin. Ya yi "fuuu", ƙarar da ban taɓa jin irinta ba. Ina tsokalar sabulun, tsohuwar ta leƙo, ba da zargi ba, tambaya kawai take: "Ɗana, me kake cirowa da allura?"

Habu ya zagayo. Ya karɓi murfin, ya sansana, ya kalle ni. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Mayar da kafiretar." Ina mayarwa cikin gaggawa, ƙananan kusoshi na faɗuwa cikin ciyawa muna lalube. Abin da na kwance don ƙarya shi ya ƙara cinye mana lokaci. Da motar ta tashi na shiga muka tafi. Mun wuce mararrabar Yalwan Damai kenan tsohuwar ta buga rufin mota, ta ce a daina gudu, Isa ya cika.

Da aka kama ni, direbobi suka yi ta zuwa kotu, kowa da murfinsa a hannu. Ban musa ba. A gidan yari na yi shekarun da gashina ya yi fari a cikinsu. Matata ta koma gidansu, garejin maigida ya rufe saboda sunan da na ja masa. Duka wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci na, babu wanda ya iya ce mini da an isa da wuri Isa zai rayu, babu kuma wanda ya iya ce mini ba zai rayu ba. Har yau in na ji ƙanshin sabulun wanki sai abinci ya fita raina.

Samarin gareji, ku da ake koya wa sifana yanzu: ba daga sabulu na fara ba, daga tsohuwar filta na fara, ina cewa wasa ne. Motar da ka lalata don ka gyara, ba ka san wa za ta ɗauka gobe ba. In kuma kun yi ɓarna, ku faɗa nan take, a doke ku. Dukan da na guje wa da tuni ya warke.

Da aka sake ni na tafi Kwandiko neman gafarar tsohuwar. Aka nuna mini maƙabarta. Na sami Habu a gindin darbejiya yana wanke akori-kurar nan dai. Na durƙusa, na yi kuka, ya ce shi nasa ya yafe, na Isa kuwa ba a hannunsa yake ba. Da zan tashi, tsohon bakin nan nawa ya motsa. Na ce duk ranar da ta ƙi shan mai ya aiko, kyauta zan gyara har in mutu, ya dai san babu kamata.

Ya matse tsumma, bai ko ɗago ba.

"Bar shi kawai, Likita. Tun da aka ɗaure ka, motocin ƙasar nan suka warke."