Shaidata a kan Baba Isha'aku, wanda ya ƙi zagin gonar inabi

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na ƙungiyar mutanen Damagaram mazauna Jidda. Sunana Rumaisa Usuman, ina aji biyu na babbar sakandare. Ina neman afuwa da na ɗauki alƙalami a inda manya suka yi shiru, na san ba hurumina ba ne. Sau uku ina yaga takardar nan kafin na kai wa mahaifina. Ya karanta, sannan ya ce zai sa ta a zauren ƙungiya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, sha huɗu ga Rajab 1446, wadda ta zo daidai da sha huɗu ga Janairu 2025, bayan sallar Azahar, Allah ya karɓi ran maƙwabcinmu Baba Isha'aku mai lambu a gidansa da ke Mahjar, yana da shekara saba'in da huɗu. An jera kujeru arba'in a ƙofar gida don zaman makoki. Ta taga nake leƙawa, kuma a kwana ukun nan ban ga mutum goma zaune a lokaci guda ba. Gahawa ta huce a butoci. Mahaifina ya ce a maƙabarta ma a gurguje aka yi addu'a, babu wanda ya buɗe baki ya ce mutumin kirki ne. An koya mana a makaranta cewa shaidar da Musulmi suka yi wa mamaci tana da nauyi a wurin Allah. Kai ka tafi ba a yi maka ita ba, Baba. Dalilin rubutuna ke nan.

Kowa a unguwar nan ya san abin da ya jawo. Kana saurayi ka bar lambunan garinku Mirya ka tafi Faransa, ka yi shekara sha tara kana aiki a wata shahararriyar gonar inabi ta ƙasar Burgoni, inda ake yin jar giyar da attajiransu ke rububi. Ka rantse mini ko sau ɗaya ba ka kai ta bakinka ba. Da ka zo aikin Hajji wani malami ya gaya maka cewa laifin ya shafi har mai matsa ta da mai ɗaukar ta. Ka yi kuka, ba ka sake komawa ba. Sama da shekara talatin kana ban ruwa a lambun kafilinka, Balaraben da ya tsaya maka, a Aziziyya. Idan wannan ba tuba ba ce, ni ban san yadda tuba take ba.

Ina aji ɗaya na ƙaramar sakandare na fara sanin ka sosai. Ka same ni a dakali ina haddar darasin ire-iren ƙasa, ka tsaya kana saurare.

"Malama ƙarama," ka ce, "littafinki ya ce ƙasa iri uku ce? To wanda ya rubuta shi bai taɓa durƙusawa ba."

Ranar ka ba ni labarin gonar. Ka ce ba ta fi filin ƙwallo biyu ba, an kewaye ta da tsohuwar katangar dutse. A gangaren tudu take, tana fuskantar gabas, don haka ranar safe ke busar mata da raɓa kafin ganye ya kamu da ciwo. Jar ƙasar samanta ba ta wuce kamu biyu ba, ƙarƙashi kuma farin dutse ne mai laushi kamar alli, duk ya tsattsage. Ba a ba itacen ruwa ko kaɗan, sai dai saiwarsa ta bi tsagar dutsen ta nemo da kanta. Idan ruwan sama ya kwaso ƙasa ya zubar a gindin tudu, ku kuke ɗiban ta a kwando ku mayar sama, don ba su yarda a kawo ta wani wuri ba. Ka ce taku goma bayan katangar akwai wata gona, iri ɗaya aka dasa, ruwa ɗaya ke sauka musu, amma ɗanɗanon 'ya'yan ya sha bamban. Faransawa suna kiran wannan teruwar, wato halin da wuri ke ba abin da ya tsiro a cikinsa.

Na tambaye ka, ina jin kunya, me suke ji a giyar da har suke rububinta. Ka ce masu sha suna cewa da ƙuruciyarta ƙamshin fure take yi da jajayen 'ya'yan itace, idan ta tsufa a ganga da kwalba sai ta koma ƙamshin busasshen ganye da ruwa ya jiƙa, tana kuma bin maƙogwaro kamar alharini. "Su suka faɗa, ni ɗan inabin na sani. Ƙarami ne, baƙi, fatarsa sirirya. Zaƙi da farko, tsami a tsakiya, daga ƙarshe kamar kin lashi dutse bayan ruwan sama. Allah ya ba su ƙasar da babu irinta, suka rasa abin da za su yi da ita sai abin gusar da hankali."

Haka kake magana a kanta kullum, fuskarka na haske, kuma wannan ne ya ja maka. Shekara huɗu da suka wuce, a walimar sunan jikan Alhaji Abduljalil, shugaban ƙungiyarmu, aka kawo inabi manya-manya. Ka ɗanɗana ɗaya ka ce an cika masa ruwa, itacen da bai sha wuya ba ba ya ɗanɗano. Aka yi dariya, aka ce ina ka sani, kai kuma ka saki baki da labarin tudun nan. Mahaifina yana wurin. Ya ce Alhaji ya ajiye kofinsa ya ce, "Kai Isha'aku, wannan tuba ce ko kewa?"

Ka ce, "Na tuba daga giyar, Alhaji. Ƙasar ba ta yi mini laifin komai ba."

"Halas, shi ke nan," in ji Alhaji. Daga nan aka canza hira.

Bayan mako ɗaya aka ce ka huta da kiran salla a ƙaramin masallacinmu. Mata suka daina karɓar abincin gidanka. Yara suka sa maka suna Baba mai giya, iyayensu na ji. Da ka tofar da yawu ka ce Allah wadaran gonar nan, na tabbata da an bar ka a sahun gaba. Ba ka iya ƙarya ba, shi ya sa.

Amma ba wanda ya mayar maka da shukarka. Zogalen da ke cikin bokitin fenti a ƙofar kusan kowane gida a layinmu, kai ka dasa. Lemun mahaifiyata da ya bushe, kai ka rage masa rassa har ta yi fushi ta ce ka kashe shi, bana kuma har maƙwabta muka raba wa. Lallen da aka yi wa amare uku a unguwar nan daga bayan gidanka aka tsinko shi, ta hannun yara, don manya ba sa son a gan su a ƙofarka.

Ni ma ban fita daga laifin ba, Baba. Bara ina tafe da ƙawayena ka ɗaga hannu ka ce, "Malama ƙarama, ya karatu?" Na sunkuyar da kai na wuce kamar ban ji ba. Washegari ka aiko mini da damin na'ana'a, ba ka taɓa tayar da zancen ba. Na yi ta cewa zan je in ba ka haƙuri idan an yi hutu. Ka yafe mini.

To ga shaidata. Na shaida kai mai salla ne, mai gaskiya, mai kyauta, kuma ban taɓa jin ka zagi waɗanda suka guje ka ba. Ya Allah ka jiƙan bawanka Isha'aku, ka karɓi tubarsa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Inna Latifatu, da 'yarsa Yaya Mastura, da danginsa na Mirya. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba ku ladan abin da kuka shanye.

Iyayena, na san shaidar yarinya ɗaya ba ta isa ba. Duk wanda ya san wani alheri na Baba Isha'aku, don Allah ya faɗa wa mahaifina, ko da kalma biyu ce, ko da ba ya son a ambaci sunansa. Ina roƙon ku ba ni izinin sake rubutu ranar da ya cika kwana arba'in, in haɗa abin da aka faɗa in kai wa Inna Latifatu. Idan kuma babu wanda ya zo, ku yi mini izini in rubuta hakan ma.