Ranar da Ban Sauka Daga Jaki Ba

Wata Laraba ce cikin kaka, shekarar da na cika goma, Nasara mai mulkin mallaka bai bar ƙasar ba tukuna, Baba ya ɗaura mangalar kanwa a kan jakinmu Auraki, ya ce in kai wa Gwaggo a Tsibiri, ni kaɗai. Shi cirar gujiya ta riƙe shi a gonarsa ta Jiratawa. Na bar Maraɗi da hantsi cikin 'yan kasuwa, na zauna daram bisa kaya, ƙafafu na reto, ina jin kaina wani madugu. Har tsumagiya na karyo, alhali Auraki ya fi ni sanin hanya.

Na sha bin hanyar nan da Baba, kuma wuri biyu yake sauka daga jaki, komai zafin rairayi. Na farko ƙofar bariki, inda gardi, ɗan sandan Nasara, ke tsaye da jar hula da bulala. Nan Baba kan diro, ya tuɓe takalmi, ya sunkuyar da kai, da mun ba shi baya kuwa ya yi tsaki ya haye abinsa. Na biyu ƙofar Tsoho Nomau, a bakin Tsibiri. Makaho ne, kullum yana gindin aduwa yana tufkar igiya. Ko salla ba ya yi, addinin kakanninsa yake riƙe da shi, amma shi ya ɗauki Baba yana maraya wata shekarar yunwa, ya koya masa riƙon hauya. Tun daga nesa Baba zai sauka, ya riƙo takalmi a hannu, ya durƙusa su yi ta gaisuwa har in ƙosa.

Ni a wurina duk ɗaya ne. A gidanmu ana tsoron kura, ana tsoron gardi, ana tsoron Allah, yaron da ya miƙa wa babba ƙwarya da hagu ma a ce ba ya tsoron mutane. Sai na ɗauka ana sauka ne don kada a sha duka. Gardi na da ido da bulala, don haka ranar nan na diro masa tun kafin ya waiwayo. Tsoho Nomau ba ido, ba bulala, ga ƙasa ta ɗau zafi, ga daɗin zama. Na ja bakina na yi gum, na wuce ta gabansa a kan jaki. Ya ɗan karkata kai, hannunsa bai bar igiya ba. Na yi ta jin daɗi wai na yi wayo.

Ran Juma'a da la'asar, Inna na suyar gujiya, ni ina zuba wa awaki harawa, sai ga wani mutumin Tsibiri da ya zo cin kasuwa ya yi sallama. Ya miƙa wa Baba ƙullin garin magani, ya ce Tsoho Nomau ne ya aiko. Wai shekaranjiya ya ji takun Auraki, ya san shi da ɗan ɗingishinsa, amma bai ji sawun mutum a gefe ba, kuma da babba ne a kai da takun ya fi haka nauyi. Ya tabbata ɗan Mamman, wato ni, ba zai wuce shi bisa jaki ba sai in ƙafa ba ta takuwa, ga kurkunu ya yi yawa bana. A kwaɓa da man shanu a riƙa shafa wa yaro.

Na soma satar kallon dorinar da ke rataye a zaure. Baba ya raka baƙo da goro, ya dawo ya zaunar da ni, ya duba ƙafafuna ɗaya bayan ɗaya, sannan ya danƙa mini ƙullin. Na ce ai tsohon ba ya gani.

"Gardi ina sauka mashi don yana ganina," in ji Baba. "Tsoho kau, ni ka ganin shi."

Bai taɓa ni ba. Da ya doke ni da na huta, don duka kan wuce kafin tuwon dare. Wannan kunya kuwa ta hana ni haɗa ido da kowa, har Inna ta zaci zazzaɓi ne.

Laraba ta zagayo na tafi Tsibiri da ƙafa, na durƙusa gindin aduwa na faɗi gaskiya. Tsoho ya laluba idon sawuna, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Madalla, ƙahwa lahiya lau. Sauran ciwon ga shi ya kama hanyar warkewa." Ya matso mini da ƙwaryar fura. Har ya rasu ban sani ba ko da gaske ya zaci kurkunu ne.

Yau babura ne ke sheƙa gudu tsakanin Maraɗi da Tsibiri, gaisuwa sai dai ɗaga hannu. Jikokina kan haye bayana su ja mini gemu, ba sa tsorona ko kaɗan, kuma hakan daɗi yake mini. Sai dai wani lokaci nakan so a ce sun ga yadda Baba ke durƙusa wa mutumin da ba ya iya yi masa komai. Na sha duka da ƙuruciya, duk na manta dalilinsa. Kyakkyawan zaton da makahon nan ya yi mini kuwa, har yau nauyinsa nake ji.