Ɓawon Giwan Ruwa a Bangon Inna

Shekarar da ruwan Kainji ya ci tsohon garinmu, aka mai da mu sababbin gidaje nesa da gaɓa. Inna ta daina hira, sai ta wuni tana kallon farin bangon ɗakinta.

Na so in zana mata kifi a jikinsa, amma na ji an ce zanen abu mai rai ba kyau. Ni kuwa mai yawan wasiwasi ne, ko alwala sai na maimaita. Jar ƙasar da na kwaɓa don zanen har ta bushe a kasko ban taɓa ta ba.

Wata ranar kasuwa na shiga kwalekwale daga Wara zuwa Yelwa. Kusa da ni wata tsohuwa mai sayar da kifi tana riƙe da ƙwarya mai zane, layi kan layi kamar jinjirin wata. Na tambaye ta ko zanen mene ne, har na faɗa mata damuwata.

Ta yi dariya ta ce, "Ɓawon kifin giwan ruwa ne. Ɗana, ka ga ido a nan? Ka ga baki? To mi kake tsoro?"

Da na dawo na zana shi a bangon Inna da ɗan yatsa. Inna ta shafa bangon, ta ce ɓawon ya yi ƙanƙanta, na giwan ruwan da babana ke kamawa a da ya fi haka girma. Daga nan ta shiga ba ni labarin babana har aka kira la'asar.

Ban tambayi sunan tsohuwar ba, amma ina sa ta a addu'a.