Malam Shitu Maska da Kwamfutar Rahab

Ranar Talata, 14 ga watan Nuwamba, 1989, Allah ya karɓi ran Malam Shitu Abdussamad Maska a gidansa da ke Funtua, bayan zazzaɓi na ƴan kwanaki. Daga Allah muka fito, wurinsa kuma za mu koma. Ina cikin aji ina koyarwa a nan Malumfashi wani direban bas ya leƙo ya ce Sanda, ƙanen Malam Shitu, ya aiko shi gare ni. Kafin in samu mota in isa, an riga an kai shi makwancinsa. Na tarar da mutane zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, babur ɗinsa kuwa yana jingine a zaure inda ya bar shi.

Malam Shitu, ban samu yin sallama da kai ba. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan.

Na san ka tun 1976, lokacin kana malamin gona, ana turo ka ƙauyukan Ƙarfi da Dayi da sabon irin masara. Mahaifina ya ce shi dawa ya gada, dawa kuma zai mutu yana nomawa. Ba ka yi musu da shi ba. Ka roƙe shi ƴan kunyoyi a gefen gona, ka shuka da hannunka, kana zuwa kana dubawa. Da masarar ta nuna, tsohon ya gasa ya ci, sannan ya ce a kira masa yaron nan na Maska. Daga ranar ka zama ɗan gida. Da na auri Rahab, kai ka nemo motar da ta ɗauko kayanta, kai kuma ka zauna a baya kana riƙe da gado don kada ya faɗo.

Daga baya aka mayar da kai ofis a Funtua, inda ka koyi aiki da kwamfuta a wurin Turawan da ke can. A 1987 ɗaya daga cikinsu zai koma ƙasarsu, yana sayar da kayansa, har da tasa kwamfutar ta gida. Rahab mai buga tafireta ce a ofishin coci, da yamma kuma tana koya wa matan aure karatu. Ta daɗe tana ƙorafin cewa duk gyaran da ta yi wa darasi sai ta sake buga shafin daga farko. Kai ka je ka duba mana na'urar. Ka ce ta sha aiki amma da sauranta, sai muka saya. Ka kuma matsa wa Baturen sai da ya lalubo faya-fayan da ta zo da su daga kamfani, ka ce wa Rahab ta adana su inda ruwa da gara ba za su kai ba.

Shekara guda ta yi tana aiki da ita. A daminar 1988 Allah ya yi mata cikawa. Bai ba mu haihuwa ba, saboda haka da masu gaisuwa suka watse sai ni kaɗai a gidan. Ban iya komai a na'urar ba sai kunnawa da buɗe darussanta, yadda ta nuna mini. In na dawo daga makaranta sai in zauna a kujerarta in yi ta karantawa. Jimlolin ƴan koyo ne, amma da muryarta nake jin su.

Sai na'urar ta fara saiɓi. In na kunna ta, sai in hura wuta in dafa shayi in dawo ba ta gama tashi ba. Wani lokaci ta tsaya cik, tana wata ƴar ƙara a ciki. Tsoro ya kama ni kada wata rana ta ƙi tashi, ta tafi da abin da Rahab ta bari. Na aika maka.

Ka zo ran Asabar. Ka daɗe kana dubawa, sannan ka juyo.

"Malam Bitrus, babu abin da ya karye. Babban faifan cikinta ne ya cika da tarkacen Baturen nan, komai ya cakuɗe. Maganin shi ne a share ta tas, a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani."

"Har da aikin Rahab?"

"Sharar ba ta zaɓe. Amma za mu kwashe nata tukuna, mu ajiye a gefe."

Na ce ban yarda ba. Ban san abin da ake nufi da kwashewa ba, abin da na ji kawai shi ne za a share. Ba ka matsa mini ba. Ka sha ruwa, muka yi hirar farashin taki, ka hau babur ka koma.

Asabar ta gaba sai ga ka da sababbin faya-fayai a aljihu, da langar dambu ɗaure a bayan babur, wadda matarka Hansai ta aiko. Ka ce ba shara ka zo yi ba, kwafa kawai. Ka kwafi darasi ɗaya, ka cire faifan, ka sake sa shi, ka buɗe a gabana, ka ce in karanta da ƙarfi mu tabbata babu harafin da ya faɗi. Na karanta: "Mairo ta sayi buta. Mijin Mairo ya fasa buta. Mairo ta yi shiru." Ka yi dariya har ka tuɓe hula, ka tambaye ni ko ni ne mijin Mairo. Ni ne kuwa. Ranar na fara yin dariya tun bayan da muka binne Rahab.

Haka muka ci gaba. Kowace Asabar darasi biyu ko uku, sai ka ce ya isa, kada a wahalar da na'ura. In lokacin salla ya yi ka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ni kuma in ɗumama abinci. Aka gama girbi, aka yi Kirsimeti, muna nan muna kwafa.

Darasi na ƙarshe da ta rubuta ya ƙi kwafuwa. Ka gwada ta nan, ka gwada ta can. Daga bisani ka gaya mini gaskiya, cewa wurin da yake zaune a faifan ya lalace, rabinsa ya tafi, kuma babu wanda ka sani da zai iya dawo da shi. Ka ba ni biro ka ce in kwafe abin da ya bayyana da hannu. Ya tsaya a tsakiyar jimla. Ba ka ce mini in yi haƙuri ba, ka san na gaji da jin haka. Ka zauna kusa da ni kawai har na gama.

Ranar sharar, ka shirya komai, na'urar ta yi tambaya da Turanci ko mun tabbata. Ka ture kujerarka baya, ka ce, "Kai za ka danna, ba ni ba." Sannan ka fita, wai za ka duba sarƙar babur. Na daɗe zaune ni kaɗai da yatsana a kan maɓallin. Da na danna, na ji faifan yana juyawa, ban kuma kira ka ba sai da na wanke fuska.

Ka shigo ka sa faya-fayan kamfanin da Rahab ta adana a ƙasan akwatinta, ɗaya bayan ɗaya. Ka kashe na'urar ka kunna, kafin in gyara zama ta tashi. Ka mayar da darussan ciki, kowanne yana buɗewa nan take. Sai ka ce darasi ba don mutum ɗaya aka rubuta shi ba. Ka ɗauki nauyin buga su a takarda, muka kai wa Malama Susana, wadda ta karɓi ajin matan. Da su take koyarwa har yau. Rabin darasin nan kuma ita da ɗalibanta suka ƙarasa shi.

Ranar da na je gaisuwa, Sanda ya shigar da ni cikin gida in gai da Hansai. Na gaya mata ba zan manta da watannin da ka kwashe kana wahala da na'urar nan ba. Ta ɗago ta dube ni.

"Malam Bitrus, ai aikin yini guda ne. Shi ya faɗa mini tun zuwansa na farko. Ya ce na'urar ba ta da matsala, kai ne bai so ya bari kai kaɗai. Ya ce in riƙa yin dambun da yawa, don ba ka cin abinci."

Na dawo Malumfashi da yamma, na buɗe gida, na zauna. Mutum biyu ne suka san yadda nake ba tare da na faɗa ba, yanzu duk sun riga ni.

Allah ya jiƙanka, Malam Shitu. Ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya saka maka da alherin da ka yi a fili da wanda ka ɓoye. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hansai, da ƴaƴanka Shafa'atu da Rabi'atu, da Sanda, da dukan dangi na Maska da Funtua. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari.

Sanda ya ce audugar gonarka ta Maska ta buɗe, ba a kai ga ɗiba ba ka kwanta. Na nemi izini a makaranta. Zan zo mu ɗebe ta.

Bitrus Atu Ƙarfi
Malumfashi