Baba da Teburan da Ya Yanke wa Ƙafa

Bana shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sani Baduku. Ban iya dogon yabo ba, shi ma da yana raye da ya ce in taƙaita. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne yayana Nura yana son kwashe kayan aikin Baba daga zaurenmu na Dukawuya zuwa sababbin rumfunan masana'antu da gwamnati ta gina a bayan gari. Inna ta ce ba da yawunta ba.

Tana da dalili. An taɓa yin haka ina ƙarama. Gwamnati ta gina wata ƙatuwar masana'anta don kamfanin takalma ya zo ya ɗauki 'yan gari aiki. Kamfanin ya yi shiru, aka ce dukawa su shiga kafin ya iso. Baba ne ya bi gida-gida yana lallashin abokan sana'arsa har suka yarda.

Da suka je, sai ga dogayen tebura na aiki a tsaye. Baduku kuwa a ƙasa yake zama, ya take fata da ƙafa ya ja zare. Suka gwada tsayuwar, baya ya ƙage, ɗinki ya karkace. Baba ya aro zarto wajen kafinta, suka rage wa teburan ƙafafu, suka shimfiɗa buzu. Ranar da aka kawo baƙin da ake fatan su zuba jari, suka tarar da dattawa a zaune, kowa da guntun tebur a gabansa kamar ana jiran tuwo. Suka gaisa, suka zagaya, ba su sake dawowa ba. Ban ce teburan ne suka kore su ba, don wutar lantarki ma sai an yi sa'a. Amma Baba bai daina zargin zarton nan ba har ya koma ga Allah.

Ni a lokacin ina ruwana. Ranar Asabar yakan goya ni a keke mu fita ta Ƙofar Mazugal. Ina tuna warin jima, da yadda guduma ɗaya take amsa kuwwa a cikin ginin kamar goma. Nakan ƙwala kiran sunana in ji ya dawo, dattawan su ce, "'Yar Malam, ki bar wa aljanun wurin barcinsu." Ban taɓa ganin Baba da fara'a irin ta wancan lokacin ba.

Masu saye ne suka ƙi bin su. Mutumin birni ya saba ya yi sallama a zaure, ya zauna, a auna ƙafarsa ana hira. Wa zai hau mota ya je ya yi wa mai gadi bayani saboda takalmin Sallah? Ɗaya bayan ɗaya dukawan suka dawo gida. Baba ne na ƙarshe, ya tarar abokan cinikinsa sun saba da wasu zaurukan. Wannan Inna take tunawa.

"Inna, wannan karon akwai wutar sola," in ji Nura.

"Wancan karon ma akwai alkawari."

Na tambayi kaina me Baba zai ce. Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba: tafiya zai sake yi. Ba zai iya kallon Nura da difloma yana kwanciyar hantsi a soro ba. Na faɗa wa Inna haka kai tsaye.

Washegari ta yanke hukunci. Ta ce Nura ya ɗauki keken ɗinki ya tafi, amma ba za a sake rufe zauren ba. Ni zan riƙa karɓar aiki ina auna ƙafa.

"Mace a zaure? Unguwa za ta sha labari," in ji Nura.

"Su zo da ƙafafunsu, sai su ba da labarin a zaune," in ji Inna.

Baba bai bar mana masana'anta ba. Ya bar ɗa mai taurin kan sake gwadawa, da matar da ta san inda aka yi tuntuɓe. Allah Ya ji ƙansa. Nura ya fara zuwa tun makon jiya, ni kuma jiya na auna ƙafar mutum na farko.